Darasi na 12: Tambari da Shafin Intanet na Mawaƙan Hip-hop 'Yan Bayan Fage

A darussan baya mun yi aiki da masu shaguna da makarantu, mutanen da suka san abin da suke sayarwa, kuma suna da ɗan abin kashewa a kan talla. Yau abokin cinikinmu mai wuyar sha'ani ne: samari uku ko huɗu masu gambarar zamani, wato hip-hop, da suka naɗi waƙoƙi goma a wani ɗan situdiyo. Ba kamfanin da ya ɗauke su, gidajen rediyo ba su san da zamansu ba, kuɗin da suka zo da shi ma karo-karo suka yi. Irinsu ake ce wa 'yan bayan fage. Wasu rashin dama ce ta ajiye su a can, wasu kuwa da gangan suka zauna, don ba sa son wani mai kuɗi ya riƙa tsara musu abin da za su faɗa. Sun zo ku yi musu tambari da shafin intanet. Na zaɓe su ne saboda idan mai zane ya yi wa babban kamfani kwaɓa, kuɗin talla yakan rufa masa asiri. A nan babu mai rufa muku.

Daga ina zanen hip-hop ya fito?

Ranar 11 ga Agusta, 1973, wani matashi ɗan asalin Jamaika da ake kira DJ Kool Herc ya yi kiɗa a wani ɗan biki a ɗakin taro na bene mai lamba 1520, titin Sedgwick, unguwar Bronx ta birnin Niyok a Amurka. Daga wannan dare akasari ake fara lissafin tarihin hip-hop. Katin gayyatar da hannu aka rubuta shi. Harkar ta taso da rassa huɗu: mai juya faifai, mai baka, masu rawa, da masu rubutu a bango. Na ƙarshen nan su ne kakanninku a wannan aiki. Yara ne marasa ko sisi da ke fesa sunayensu da fenti a jikin katangu da jiragen ƙasa na cikin gari. Jirgi yana gudu, mai kallo yana tsaye a tasha, ƙiftawar ido kawai yake da ita ya gane sunan wane ne ya wuce. Dole sunan ya kasance da siffar da ido zai cafke nan take. Wannan buƙata ba ta canza ba, sai dai yau babban yatsa ne ke gudu a fuskar waya.

Kafin a kunna kwamfuta

Ku karɓi waƙoƙin ku saurare su duka, sau biyu aƙalla, kuna riƙe da biro. Ku rubuta kalmomin da suke yawan dawowa, unguwannin da ake ambata, da yanayin muryar: fushi ne, barkwanci ne, nasiha ce? Sannan ku zauna da yaran a inda suke zama, ku ga irin tufafinsu da abin da ke manne a bangon situdiyonsu. Idan kun tambaye su wane irin tambari suke so, za su nuno muku na wani mawaƙin Amurka a waya su ce irin wannan. Kada ku biye musu, kayan aro ba ya rufe katara. Ku tambaye su inda sunan ƙungiyar ya samo asali da wanda ya raɗa shi. Sau da yawa tambarin yana kwance cikin wannan labari.

A wannan zaman ne kuma za a tsayar da yadda ake rubuta sunan, harafi bayan harafi. Marigayi MF DOOM, wanda ya rasu a 2020, ya shahara da nacewa a rubuta sunansa da manyan baƙaƙe zalla, kuma har yau magoya bayansa na gyara wa duk wanda ya saɓa. Ba rigima ba ce. Ƙungiyar da sunanta ke fitowa iri uku a Audiomack da YouTube da fosta, ta raba masu nemanta gida uku. Ku kuma bincika ko wani ya riga su ɗaukar sunan a waɗannan dandamali. Gara a gano haka yau da bayan an buga riguna ɗari.

Abin da harafin W ya koyar

A 1992 wasu matasa, akasarinsu daga Staten Island ta birnin Niyok, suka haɗu a ƙarƙashin sunan Wu-Tang Clan. Sun ɗauko sunan daga wani fim ɗin faɗan Sin, irin wanda muke ce wa fim ɗin Caina, har unguwar tasu ma suka laƙaba mata Shaolin. Waƙarsu ta farko da kansu suka buga ta, suka riƙa yawon rabawa da sayarwa, kafin kamfanin Loud ya fitar da kundinsu na farko a Nuwamban 1993. Tambarinsu wani abokinsu ne ya zana, mai laƙabin Mathematics, wanda da ma ya taɓa rubutun bango. Harafin W ne guda ɗaya, mai fukafukai kamar tsuntsu ya buɗe, gefunansa da kaifi kamar bakin makami.

Ku dubi irin aikin da wannan harafi ɗaya ya yi. A lokacin ƙungiyar mutum tara ce, kuma yarjejeniyarsu ta ba kowa damar ya je wani kamfani ya fitar da kundin kansa. Da sun watse a idon jama'a, amma tambarin ya riƙe su. A cikinsu Method Man ya kifar da W ɗin ya zama M, GZA ya karkata shi ya ba da G, kowa da nasa, amma da gani ka san 'yan gida ɗaya ne. Magoya baya suna haɗa tafukan hannu biyu su yi siffarsa a wurin wasa. Yara suna zana shi a bayan littafin makaranta. A 1995 ya hau tufafin da suka kira Wu Wear, ya zama hanyar kuɗi mai zaman kanta. An fi saninsa da ruwan ɗorawa a kan baƙi, amma ko da gawayi aka zana shi, shi ne dai.

Wannan shi ne ma'aunin da nake so ku riƙe. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin talla, mutane ne za su yi mata tallar kyauta, kuma ba za su yi ba sai tambarin ya zo musu da sauƙi. Mu ma muna da shaida a gida: Dagin Arewa yana jikin bangon gidajen sarauta, yana kan riguna da jakunkunan fata, saboda magini da maɗinki da baduku kowa na iya fitar da shi da kayan aikinsa. (Ban ce ku liƙa wa kowace ƙungiya Dagin Arewa ba. An yi ta yi har ya daina bambanta kowa da kowa.)

Don haka kowane zane da kuka yi, ku gwada shi kafin ku nuna wa masu shi. Ku nuna wa wani yaro na daƙiƙa biyar, ku ɓoye, ku ba shi alli ya zana abin da ya gani. Ku kai shi injin fotokwafi mafi tsufa a unguwarku, ku buga, ku sake buga abin da ya fito. Ku ƙanƙance shi ya koma girman hoton da ke gefen suna a WhatsApp. Idan da hali ku nuna wa mai aikin zare a hular hana-sallah, ku ji ko zai karɓa ba tare da ya yi tsaki ba.

Ni kaina a nan na taɓa shan kunya. Farkon shigata sana'a na yi wa wasu yara tambari mai kan zaki da harshen wuta da makirufo, launi shida, wani yana narkewa cikin wani. A fuskar kwamfuta kamar ka lasa. Muka ɗunguma wurin mai buga riguna, dattijo ne, hannunsa duk tawada. Ya ɗaga takardar ya duba ta ta fuskar haske, ya ce, "Malam, kowane launi da rariyarsa, kowace rariya da kuɗinta. Shida za ku biya?" Yaran suka dubi juna. Kuɗinsu na launi ɗaya ne. Aka buga da fari a kan baƙar riga, zakin ya fito kamar an zubar da koko. Tun daga ranar, da baƙi da fari nake fara kowane tambari, launi sai daga baya.

Wani abin lura kuma shi ne ma'ana. Chuck D na ƙungiyar Public Enemy zane ya karanta a Jami'ar Adelphi, kuma shi ya haɗa tambarinsu da hannunsa: inuwar wani saurayi a tsakiyar saitin bindiga. Abin da yake nufi shi ne baƙar fata a Amurka abin hari ne, kuma waƙoƙinsu a kan haka suke. Tambarin ya zauna daram saboda ya fito daga rayuwarsu. Ku ɗauko saitin bindiga ku ɗora a rigar yaron da zai ratsa shingen jami'an tsaro a hanyar Gusau, kun jawo masa abin da ba shi ya aike ku ba. Kullum ku tambayi kanku a gaban wa za a sa rigar nan, har da gaban mahaifiyar mai ita.

Idan zane ya ci waɗannan gwaje-gwaje, sai a shigar da shi kwamfuta a matsayin zanen layi, wanda masu sana'a ke kira bekta. Shi lissafi ne ke riƙe da siffarsa, don haka ko an buɗa shi ya cika allon talla ba ya fashewa. Hoton JPEG ko PNG kuwa ɗigo-ɗigo ne, da an ja shi sai ya dushe. CorelDRAW da mafi yawan maɗaba'unmu ke amfani da shi yana wannan aiki, Inkscape ma yana yi, kuma shi kyauta ne.

Launi da haruffa

Launi biyu sun isa, uku iyaka. Ku rubuta lambar kowane launi a takarda, kamar #000000 na baƙi, don kada gobe wani ya zaɓo da ido. Ku sani kuma fuskar waya da haske take haɗa launi, maɗaba'a kuwa da tawada huɗu, shi ya sa shuɗin da ke walƙiya a waya yakan fito a mace a kan fosta. A buga gwaji ɗaya kafin a buga dubu. Wanda ke son ganin yadda ake tsimin launi ya nemi bangon kundin Madvillainy na 2004, wanda Jeff Jank ya tsara wa kamfanin Stones Throw: hoton MF DOOM sanye da takunkumin ƙarfensa, ba launi, sai wani ɗan murabba'i ruwan lemo a kusurwa. Wannan ɗan ɗigo shi ke kama ido.

Kuma ba dole ba ne hip-hop ya zo da baƙi da ɗaure fuska. A 1989 'yan ƙungiyar De La Soul sun fito da kundinsu na farko cikin furanni da launuka masu ƙyalli, suka bambanta da kowa a kanta. Sai dai furannin sun manne musu, 'yan jarida suka yi ta kiransu da sunan da ba sa so, har a 1991 suka sa hoton tukunyar fure a kife a bangon kundinsu na biyu, suka kira shi De La Soul Is Dead. Kafin ku ɗora wa yara wata kama, ku tambaye su ko za su iya zama cikinta shekara biyar.

Wajen salon haruffa, ɗaya na kanun magana mai ɗan hali, ɗaya na karatu mai sauƙi. Haruffan rubutun bango masu sarƙaƙiya a bar su a tambari, kada a rubuta ranar wasa da su. Ga kuma tarkon da ke jiran duk mai aiki da Hausa: yawancin salon haruffa masu ƙayatarwa ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Za ku rubuta taken waƙa, sai harafin ya fito da wata siffa dabam, ko ɗan akwati fanko ya tsaya a wurinsa. Kafin ku zaɓi salo, ku buga "Ɓarawo ya ɗauke ƙwarya" da manya da ƙananan baƙaƙe ku gani. Idan ƙungiyar ta Nijar ce, ku ƙara ƴ. Dangin haruffan Noto na Google da Andika da Charis suna da su duka, kuma kyauta ne.

Shafin intanet: me ya sa, alhali ga Instagram?

Tambayar da yaran za su yi ke nan, kuma suna da gaskiya su yi ta. Ku ba su labarin MySpace. A tsakiyar shekarun 2000 nan ne matattarar mawaƙa masu tasowa. A Maris na 2019 kamfanin ya amsa cewa waƙoƙin da aka ɗora daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen sauya rumbun ajiya, an ƙiyasta sun kai miliyan 50. Ku tuna musu kuma da yadda aka rufe Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Dandalin wani rumfar haya ce a kasuwa, a ci ciniki a cikinta, amma ranar da mai kasuwa ya ga dama sai ya tashe ka. Shafin kansu shi ne inda za a same su idan hakan ta faru.

Abu biyu ake biya. Na farko adireshi, sunan da ke ƙarewa da .com, ko .ng na Nijeriya wanda hukumar NiRA ke kula da shi, ko .ne na Nijar. Shekara-shekara ake sabunta shi, idan aka yi sakaci ya faɗi wani na iya saye. Ya zama gajere, wanda za a iya faɗa a kan dandamali cikin hayaniya a kuma riƙe shi, ba tare da harafi mai lanƙwasa ba, don ba kowace waya ke da su a kusa ba. Na biyu masauki, wato hayar wuri a kwamfutar da ba ta kwana, inda fayilolin shafin za su zauna. Ku tabbata adireshin yana buɗewa da https. Takardar shaidar hakan ana samunta kyauta daga Let's Encrypt, kuma yawancin masu ba da masauki suna haɗa ta da kansu.

Yanzu ku buɗe kunne. Adireshin da sunan ƙungiya za a yi masa rajista, da imel ɗin ƙungiya, wanda aƙalla mutum biyu a cikinsu suka san kalmar sirrinsa. Kada ya zama da sunanku, kada ya zama da sunan manaja. Na ga ƙungiyar da ta yi baram-baram da manajanta, ya tafi da shafin da duk abin da ke ciki, suka koma roƙonsa adireshin da ke ɗauke da sunansu.

Shafin kansa bai buƙatar yawa. Wanda ya shigo, abu ɗaya ya kawo shi: ya ji waƙa. To sabuwar waƙa ta kasance a sama, ƙarƙashin tambari, da maɓallin kunnawa babba wanda yatsa ba zai kuskure ba. Ƙasa da ita ranakun wasa da wurarensu, sai riguna da huluna da yadda za a biya, sai taƙaitaccen tarihin ƙungiya da hotuna biyu ko uku masu kyau da ɗan jarida ko mai shirya biki zai sauke, sai lambar da ake kiran ƙungiya don aiki. Ku sa wurin da mai so zai bar imel ko lambarsa da yardarsa, domin wannan jerin sunaye shi ne kadarar da babu dandalin da zai ƙwace. Shafi guda mai tsawo ya wadatar. WordPress zai iya, HTML tsura ma zai iya.

A ƙaramar waya za ku fara tsarawa, ita ce a hannun masu sauraro. Ku gwada a Itel ko Tecno mai araha, a inda sabis ke rawa, ku ƙirga daƙiƙun da shafin ya ɗauka. Datar mutane kuke ci, ku ji tausayinta. Waƙar MP3 a ma'aunin 128 tana cin kusan MB 1 a minti, ta minti huɗu ke nan MB 4, amma irinta a WAV ta kai MB 40. WAV na situdiyo ne da masu rarraba waƙa, MP3 na shafi. Hoton bangon kundi ana shirya shi fiksel 3000 tsawo da faɗi don dandamalin waƙa, amma wanda za a sa a shafi a rage shi sosai. Kada waƙa ta tashi da kanta da an buɗe shafi. Mutum na iya kasancewa a ofis ko a zauren mahaifinsa, kuma manhajar Chrome ma ta fara toshe irin wannan tun 2018. Rubutu kuma ya fita sarai daga bayansa. Toka-toka a kan baƙi yana burge mai zane a ɗaki mai duhu, a rana tsaka ba ya karantuwa.

Idan ƙungiyar ta yarda a sauke waƙa kyauta, ku tuna fayil ɗin zai bar shafin ya shiga Xender da katin waya da hannun masu turi a kasuwa. Ku rubuta sunan ƙungiya da taken waƙa da adireshin shafi a cikin bayanan fayil ɗin, ku manna hoton tambari. In ba haka ba waƙar za ta zagaye gari da suna irin "track 04".

Haƙƙi da miƙa aiki

De La Soul ɗin nan da muka ambata, kundayensu na farko ba su hau dandamalin sauraro ba sai a Maris na 2023, saboda rikicin kwantiragi da na guntayen kiɗan wasu da suka yi amfani da su. Mai zane ma yana da irin wannan rami: hoton da aka tsinto a Google da salon haruffan da ba a duba lasisinsa ba. Ku ɗauki hotonku, ko ku biya mai hoto a rubuce.

Tun ran gini tun ran zane. Kafin ku ja layi ɗaya, a rubuta kuɗin aiki, da sau nawa za a yi gyara, da wanda ya mallaki tambarin bayan an biya, da wanda zai riƙe shi idan ƙungiya ta rabu. Yaran za su ce ai mu 'yan'uwa ne, ba ma rabuwa. Ku ce Allah ya sa, amma a sa hannu. Ranar miƙa aiki ku ba su fayil ɗin bekta, da PNG mara bango na baƙi da na fari, da takarda guda mai lambobin launi da sunayen haruffa da yadda ake rubuta sunansu.

Aikin gida

Ku zaɓi wata ƙungiya ko mawaƙin gambara na garinku wanda bai yi suna ba tukuna, ku saurari waƙoƙinsa uku, ku rubuta kalmomi goma da suka fi dawowa. Daga cikinsu ku fitar da zane ashirin da fensir a takarda, ƙanana, kowanne bai wuce girman akwatin ashana ba. Ku zaɓi uku ku yi musu gwajin yaro da alli, ku rubuta abin da yaron ya zana da abin da ya manta. A wata takardar ku zana fuskar waya, ku jera abin da zai fito a shafin daga sama zuwa ƙasa. Kada kowa ya taɓa kwamfuta a wannan mako. Ku zo da takardun duka ranar darasi na gaba, har da waɗanda kuka soke, don da su za mu fara.